Ƙafar Jirgin Sama Da Alƙalamin Malami

Ran Alhamis, 11 ga watan Yuli na 1991, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, wani jirgin sama ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazan Nijeriya, ya nufo Sakkwato. Jirgin irin wanda a ke kira DC-8 ne, na wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Nationair, an yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Fasinja 247 ne a ciki, da ma'aikata 14. Bai fi minti goma a sama ba ya juyo yana cin wuta, ya faɗi saura wajen kilomita uku ya kai titin sauka. Mutum 261, ko ɗaya bai fita ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

A wancan lokaci ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna cikin Jihar Sakkwato, don ba a yanke Zamfara ba sai ran 1 ga Oktoba, 1996. Saboda haka wannan makoki namu ne, filin da jirgin ya nufo kuwa shi ne wanda alhazanmu suka saba sauka. An fi shekara talatin da yin abin, amma muna ganin ya kamata mu tuna wa masu karatu sanadinsa, musamman ma'aikatan ofis da malaman makaranta, domin akwai aya a ciki wadda ta shafi aikinsu na kullum.

Masu bincike ba su sami laifin inji ba, ba su kuwa sami laifin hadari ko guguwa ba. Abin da suka tarar shi ne tayoyi biyu daga cikin na jirgin ba su da isasshiyar iska. Tun ran 7 ga watan makanikai suka auna suka ga haka, amma maimakon a gyara tayoyin sai aka gyara takarda, aka canja lambobin da ke cikin rajista don su nuna kome lafiya. Ran tafiya da safe babban makaniki ya nemi a ba shi iskar naitirojin, wadda da ita a ke cika tayoyin manyan jirage, ba a same ta nan kusa ba. Jami'in da ke kula da jigilar kuwa, wanda ba shi da ilmin wannan aiki, ya ƙi yarda a jinkirta, don an riga an makara. Aka sallami jirgi, ba a ko gaya wa matuƙa ba.

Ga yadda abin ya gudana. Tayoyin irin wannan jirgi bibbiyu su ke a kan sanda guda. In ɗaya ta yi laushi, sai nauyinta ya koma kan 'yar'uwarta. Jirgin na gudu bisa titi, ta gefen mai laushin ta yi zafi ta fashe, mai laushin ta bi bayanta. Ƙarfe ya dinga gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa sun ji ƙara, amma ba su san da wuta ba, domin jirgin ba shi da na'urar da za ta gaya musu. Da suka tashi sai suka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgi kamar yadda aka saba, watau suka shigar da wuta ɗaka da hannunsu ba su sani ba. Ta cinye bututun mai da wayoyi, ta ƙone daɓen da fasinja ke zaune a kai. Ɗan hakin da ka raina, shi kan tsone maka ido.

To, wani zai ce, ina ruwan malamin haraji a Anka, ko malamin makaranta a Gummi, da tayar jirgin sama? Amsa iri biyu ce. Ta fari, jirgin sama ya daɗe da zama abin hawanmu. Tun cikin Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, bisa ƙasa zalla, ba kwalta. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya. Cikin Yuni na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin ginin filin jirgin sama na Gusau. Banda manyan jiragen alhazai kuma akwai ƙanana, masu cin mutum biyu ko huɗu ko shida, waɗanda a kan yi amfani da su wajen kai likita inda hanya ta yi wuya, da ɗaukar hoton ƙasa don taswira, da feshin tsuntsayen jan-baki in sun faɗa wa shinkafa da gero. Waɗannan ƙanana su ne ke sauka a filayen karkara, inda ba injiniya, ba kayan aiki, sai wanda hukuma ta ɗora wa kula da wurin. Amsa ta biyu za mu zo kanta in mun gama bayanin taya.

Bari mu ɗauki Cessna 172, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1956, kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya, an yi fiye da 44,000. In ya cika da mutum huɗu da mai, nauyinsa ya kan ɗara tan guda kaɗan, watau wajen buhun dawa goma sha ɗaya. Ƙafa uku gare shi, biyu a ƙarƙashin fiffike, ɗaya a gaba, kowace taya ba ta fi ta Keke Napep da kome ba. Sa'ad da zai taɓa ƙasa yana gudun wajen mil 60 a awa, tayar da ke tsaye cik za ta kama wannan gudu cikin ƙiftawar ido, ga nauyi ya faɗo mata. Babban jirgi in taya guda ta fashe yana da sauran da za su tallafa. Ƙarami ba shi da mataimaki. In ta hagu ta tafi, sai ya fizge hagu ya bar titi, in ƙasa mai yashi ce ko mai rami ya kifa.

Abu na farko a kula da taya shi ne iska. An ƙera tayar jirgi ta riƙa lanƙwasa fiye da ta mota nesa, don ta shanye dukan sauka. Lanƙwasa kuwa zafi ta ke haifarwa. In iska ta ragu, lanƙwasar ta ƙaru, zafi ya dafa zaren da ke cikin robar, ƙarfinsa ya tafi, ba ya kuwa dawowa ko an sake cika ta. Masu ƙera tayoyin jirage sun ce taya mai lafiya ta kan rasa har kashi 5 cikin 100 na iskarta a kwana guda. Don haka suka ce a auna kowace ranar da za a tashi, da geji, tayar tana sanyi, watau ta huta awa uku bayan sauka. Yawancin ƙananan jirage tsakanin 30 ne da 45 a kan geji, amma kowane da lambarsa a rubuce cikin littafinsa, ita a ke bi, ba ta maƙwabci ba. Sun kuma ce tayar da aka yi tafiya da ita alhali ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100, a cire ta. In ta rasa fiye da kashi 20, a cire har abokiyar zamanta, inda su ke bibbiyu.

Ido ba ya iya wannan awo. Taya ta kan rasa rubu'in iskarta a dube ta a ce lafiya lau, balle in tana jingine da 'yar'uwarta. Harbi da ƙafa ko matsawa da babban yatsa, irin wanda mu kan yi wa keke, ba ya gaya wa mutum kome a nan. Mutanen Sunke da Dareta da Abare da 'Yargalma sun san wannan darasi ta hanya mai ɗaci. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a wannan yanki, alhali ƙurar da ke tsakar gida ba ta bambanta da kowace ƙura ba a ido. Sai da aka zo da na'ura aka auna ƙasa, aka auna jini, sa'an nan aka san abin da ke cinye yara. Iskar taya ma haka ta ke, ma'auni ne kaɗai ke faɗin gaskiyarta.

Yanayin ƙasarmu kuma yana da nasa hannu. Duk saukar zafi na digiri 3 ta kan rage iskar taya wajen kashi 1 cikin 100. Da hunturu in an cika taya da la'asar ana digiri 33, aka wayi gari da asuba ana 15, to ta rasa kashi 6 ba tare da ƙaya ta taɓa ta ba. Da bazara kuwa rana ce ke dafa roba har ta tsattsage, don haka jirgin da zai kwana biyu a fili a rufa masa ƙafafu. In mai ko giris ya zuba wa taya a wanke da sabulu nan da nan, don mai yana cin roba. Game da irin iskar da a ke sawa, ƙaramin jirgi ya kan yi da busasshiyar iska ta famfo in babu naitirojin. Manya kam dole sai naitirojin, domin ba ta taya wuta ci. An tsananta wannan doka bayan haɗarin wani jirgin Mexicana a ƙasar Meksiko ran 31 ga Maris, 1986, inda birki ya yi zafi, tayar da aka cika da iskar famfo ta fashe a sama, mutum 167 suka halaka.

Abu na biyu shi ne duba jikin tayar kafin kowace tashi. A tura jirgin gaba kaɗan don a ga wajen da ke ƙasa. A duba yanka, da kumburi, da wurin da ya side don an taka birki da ƙarfi. In zanen taya ya shafe ko zare ya bayyana, aikinta ya ƙare. Yawancin ƙananan jirage suna da tif a ciki kamar keke. Makanikai su kan ja layin fenti daga jikin taya zuwa jikin rim. In wata rana aka ga layin ya rabu biyu, to tayar tana zamewa bisa rim, tana jan tif, ba da daɗewa ba bawul zai tsinke. Waɗansu jirage kuma suna da murfi na ado bisa ƙafa. A filin karkara gara a cire shi, don yana ɓoye taya, da damina kuma laka ta kan cushe a ciki ta bushe ta riƙe ƙafar.

Abu na uku shi ne abin da ke ciki. Rim ɗin ƙaramin jirgi ɓari biyu ne, an haɗa da kusoshi. Wanda ya kwance kusoshin nan bai fara sace iskar duka ba, ɓarin zai tashi kamar harsashi, an kuwa yi asarar makanikai ta wannan hanya. In za a mayar, kowane noti da iyakar ƙarfin da a ke ɗaure shi, da sufana mai awo a ke yi. Sabuwar taya sabon tif ta ke so, a barbaɗa masa hoda don kada ya naɗe. Sa'an nan ga boris, wanda ƙafa ke juyawa a kansa. A kan fitar da shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ko bayan tashin awa 100 ga jirgin haya, a wanke, a duba tsatsa da tabon zafi, a cusa masa sabon giris. A ƙasa mai ƙurar hunturu irin tamu bai kamata a jira shekara ba, domin yashi in ya haɗu da giris ya zama dutsen niƙa. Akwai kuma ɗan fil mai baki biyu da ke hana babban noti kwancewa. Kuɗinsa bai kai na goro ba, amma ba a mayar da tsoho, domin ƙarfen da aka lanƙwasa sau biyu ya kan karye, in ya karye kuwa ƙafa ta kan fita. Birki ma a duba kaurinsa, a duba ko mai na ɗiga.

Abu na huɗu shi ne filin kansa, nan ne kuwa aikin ya fara shigowa hannun hukumar gari. Ran 25 ga Yuli, 2000, jirgin Concorde na Faransa, wanda ya fi sauti gudu, ya taka wani ɗan sillen ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi bisa titin Faris. Taya ta fashe, gutsurenta ya bugi tankin mai, mutum 113 suka mutu. In ɗan ƙarfe ya yi wa Concorde haka, ina ga ƙaramin jirgi a filin da tsidau ya rufe, ga ƙayar aduwa da ta farar ƙaya, ga suri ya taso cikin dare, ga sawun shanu da ya bushe bayan ruwa? Mun kuma tuna ran 22 ga Janairu, 1973, da jirgin alhazai ya zo sauka Kano cikin hazo, ƙafarsa ta karye, wuta ta tashi, mutum 176 suka rasu. Ashe wurin da jirgi ke haɗuwa da ƙasa shi ne wurin da ya fi bukatar ido. Filin karkara yana son mutum ya taka shi da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan kafin kowace sauka, ya tsince, ya cike rami, ya kore dabbobi.

Yanzu mu zo ga amsa ta biyu. Duk abubuwan nan da muka lissafa, ƙarshensu littafi ne. Kowane jirgi, kome ƙanƙantarsa, yana da littafin da a ke rubuta abin da aka yi masa, da rana, da sa hannun wanda ya yi. A Amurka doka ta yarda mai ƙaramin jirgi, in yana da lasin tuƙi, ya canja tayarsa da kansa ya sa wa boris giris, amma da sharaɗin ya rubuta ya sa hannu. Dalili shi ne matuƙin da zai hau gobe ba zai iya kwance ƙafa ya leƙa ba. Littafin zai buɗe, abin da ya gani shi zai gaskata, a kansa zai ɗora ransa da na fasinjansa. A Jidda ma'auni bai yi ƙarya ba, ya faɗi gaskiya tun kwana huɗu kafin haɗari. Alƙalami ne ya yi ƙarya. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, masu bincike sun gano lambobin asali a ƙarƙashin waɗanda aka ɗora, kamfanin kuma ya rushe a 1993. Sai dai wannan bai dawo da kowa ba.

Malamai, wannan ita ce sana'arku. Tun zamanin En'e, har bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, abin da malamin ofis ke riƙe da shi ke nan, littafi da sa hannu. Wanda ya rubuta an yi wa motar asibiti sabis alhali ba a yi ba, da wanda ya rubuta an sayi taya huɗu sababbi alhali tsofaffi aka shafa wa baƙin mai, da wanda ya cika rajistar rigakafi da sunayen yaran da ba a yi musu ba, aikinsu guda ne da na wanda ya canja lamba a takardar jirgin nan. Bambancin kawai shi ne nasu matattun ɗai-ɗai su ke mutuwa, a hanyar Gusau ko ta Sakkwato, ba mai zuwa daga ƙetare ya yi bincike. Mun san kuma ba kullum mugunta ke kawo haka ba. Sau da yawa na sama ne ke tsaye a kan mutum yana cewa an makara, baƙi na jira, a sa hannu a gyara daga baya. Makanikan Nationair ma sun so su gyara, gaggawa ce ta rinjaye su, sauri ya haifi nawa.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama, watau NCAA, ta tabbata duk filin da aka yarda jirgi ya sauka, babba ko ƙarami, akwai geji mai kyau da abin cika taya a ajiye, don kada a sake cewa an nema ba a samu ba. Masu jirage da hukumomin alhazai su rubuta a fili cikin kowace yarjejeniya cewa in makaniki ya ce jirgi ba zai tashi ba, to babu manaja ko babban mutum da zai ɗaga maganarsa, kuma ba za a ci shi tara ko a kore shi don ya faɗi haka ba. Mu fasinja kuma, in an ce a jira ana gyara, mu daina tayar da jijiyar wuya. Kwana guda a sansanin alhazai ya fi zaman makoki sauƙi.

Ƙananan hukumomin da ke da filin sauka a ƙasarsu su sa mutum takamaimai a kansa, da albashi, da littafi. Shugabannin ofisoshi su koya wa yaransu ƙa'idar da masu jirage ke bi: in ka yi kuskure a rajista, ba ka gogewa, ba ka ɗora wata lamba a kai. Ka ja layi guda yadda za a iya karanta ta farko, ka rubuta ta gaskiya a gefe, ka sa hannu da kwanan wata. Abin da ba ka gani da idonka ba kuwa, kada ka sa masa hannu, ko wa ya ce.

Malaman makaranta kuma, ku ne za ku shuka wannan hali tun yara na ƙanana. Ku aro geji wurin mai faci, ku kawo babur biyu gaban aji, ku ce yara su faɗi wace taya ta fi iska da ido, sa'an nan ku auna su ga yadda ido ke ruɗi. Ku sa su rubuta abin da suka auna, ko da bai yi daidai da abin da su ke so ba. Yaron da kuka ga yana da hannu da natsuwa, ku gaya masa akwai makaranta a Zariya da ke koyar da gyaran jirgi, kuma makanikin da ke duba ƙafa bai gaza matuƙi daraja ba.

Akwai masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, ba mu ja ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi tukuna a ke tawakkali, kuma amana abar tambaya ce ran gobe. Auna taya ba ya cin minti biyar, rubuta gaskiyar abin da aka auna ba ya cin ko minti ɗaya. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.